Bel na biyu ya ƙone a rairayin Gidimuni: gyara ko sayarwa?

Alhaji Mamman: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar masu sanin ƙarfe. Bara na sayi ƙaramar motar rairayi mai kujera biyu, irin wadda ake ce wa bagi, a gwanjon kayan wani proje da ya naɗe tabarmarsa. Da ita nake shiga garkata ta bayan Gidimuni, don daga inda aka sauka kwalta zuwa bakin garkar rairayi ne zalla, ƙaramar mota ba ta shiga. To bel ɗin da ke jan ta ya ƙone, na biyu ke nan cikin ranin nan. Kafin ya tsinke sai in ji ƙaurin roba, in taka ta yi ta gurnani ba ta gaba, in ta tashi kuma ta dinga zabura. Yaron garaji ya ce a sayo wani. Ni dai na gaji da sayen bel. In gyara ko in rabu da ita?

Baba Ila: Wa alaikumus salam Alhaji. Na biyun nan a ina ka samo shi, kuma wa ya auna shi kafin a ɗaura? Bel ɗin waɗannan motoci ba irin na injin niƙa ba ne da za a ce in tsawo ya yi shi ke nan. Da gefunansa yake aiki. Faɗi, tsawo, da yadda aka karkata gefen, duk sai sun dace da fulin, wato faifan da bel ke zagayawa a kansu. Milimita ɗaya ko biyu ya ragu a faɗi sai ya fara santsi, santsi ya kawo zafi, zafi ya cinye shi. Kuma jabu ya yi yawa: kwali mai kyau, lamba daidai, zaren ciki ba ƙarko. Ni hasashena da shi aka haɗa ka.

Auwalu Ƙofar Ruwa: To fa, an fara! Duk abin da ya lalace a Damagaram sai a ce daga Kano ya zo. Baba, mu kaya hawa-hawa gare mu, kowa da ƙarfin aljihunsa. Badamagare ne zai zo ya ce a ba shi na daidai talaka, in ya tsinke ya koma gida yana cewa Kanawa sun cuce shi.

Baba Ila: Ni ban ambaci Kano ba ɗana. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Musa Agadas: Baba a yi mini afuwa, amma ban yarda laifin bel ne kaɗai ba. Na farkon ai shi ya zo da motar, shi ma ya ƙone. Alhaji, in ka sauka kwalta ka shiga rairayi, a wace giya kake barin ta, H ta gudu ko L ta ƙarfi? Me kuma kake ɗorawa a baya?

Alhaji Mamman: H nake barin ta tun daga tashi har garka. L ɗin ai ta jan abin da ya kafe ce, ga ƙara ga shan mai. Kaya kuwa abin da aka saba, taki in za a tafi, rogo ko rake ko albasa in za a dawo, wani lokaci da injin ban ruwa.

Musa Agadas: To nan gizo ke saƙa. Bari in yi bayani da ɗan tsawo, don da yawa masu irinta haka suke yi.

Tsakanin inji da akwatin giya fuli biyu ne. Kowanne faifai biyu ne masu fuskantar juna, bel yana tsakaninsu. Na gaba yana kan injin. In inji na aiki mota na tsaye, faifan a buɗe suke, bel na zaune can gindi ba a kama shi ba. Da ka taka mai, 'yan rolan da ke ciki sai juyi ya watsa su waje, su turo faifai ya matse bel, mota ta tashi. Gudu na ƙaruwa, bel na hawa sama a fulin gaba yana nutsewa a na baya. Canjin giyarta ke nan, ba wani abu.

Wajen tashi ake ɓarnar. A H, cikin rairayi, da buhuna a baya, tayoyi sun ƙi juyawa, fulin baya ya tsaya cak, na gaba kuwa yana ta juyi a kan wuri ɗaya na bel. 'Yan daƙiƙoƙi sun isa ya cinye wurin. Daga nan duk zagayen da bel ya yi, in wurin ya iso sai ya kuɓuce ya sake kamawa, zaburar da kake ji ke nan. Sannan iskar da ke sanyaya akwatin bel, fikafikan da ke jikin fulin ne ke jawo ta. A L inji na juyi da sauri ko da tafiyar a hankali ce, iska ta wadata, bel ya hau tsakiyar fuli ya samu wurin kamu. A H kana rarrafe, ba iska ba kamu. Ƙarar nan da ba ka so, ita ke raya bel ɗin. Littattafan masu ƙera su kusan bakinsu ɗaya: tafiya a hankali, hawan tudu, kaya mai nauyi, jan tirela, rairayi mai zurfi, duka L. Ni in gudu bai kai kilomita 20 a awa ba, L nake sawa.

In kuma ta kafe, kada ka yi ta taka mai kana fatan ta fita. Sauka, rage kaya, tone gaban tayoyi, sa kara ko reshe, sannan ka tashe ta a L da kat-kat, wato duk tayoyi huɗu na ja.

Baba Ila: Karatu ya yi kyau. Amma ni ƙarfe nake taɓawa, ba littafi ba. Alhaji, in ba ka jefar da ƙonannen ba, ɗauko hotonsa mu gani, a kwance da kuma ta gefe.

Alhaji Mamman: Ga shi na turo. Yara har sun fara yankarsa za su yi danƙo, da ƙyar na ƙwato.

Musa Agadas: Baba duba hoto na biyu. Ka ga wurin nan kusa da yatsan Alhaji, inda bel ya tsuke kamar tsawon tafin hannu sannan ya koma faɗinsa? Ba tsinkewar jabu ba ce wannan, fuli ne ya ci shi a tsaye. Jabu zare yake fitarwa ko haƙoran ciki su ɓalle.

Baba Ila: Na gani, ban musa ba. Amma kai ma duba sauran jikin. Gefen duk ya yi ƙyalli, ya yi sumul, har wani ruwan toka-toka. Wannan ba aikin kafewa ɗaya ba ne, bel ne da ya daɗe yana dahuwa. Ko da a L zai tuƙa, in akwatin nan ba ya numfashi haka za ta sake faruwa. Alhaji, tun da ka saye ta an taɓa kwance fulin gaba an wanke? Ba buɗe murfi a sauya bel a rufe nake nufi ba.

Alhaji Mamman: Ba a taɓa ba, Baba. Sauya bel kawai yaron ya yi.

Baba Ila: To ka ji. Ƙurar hunturu da garin robar tsohon bel suna taruwa a cikin fulin, su hana faifai zamewa, rola su daina gangara su fara gogewa har gefe ɗaya ya baje. A kwance, a busa da iska, a goge fuskar faifan da soson ƙarfe mai laushi har baƙin robar ya fita, a share da alkol. Kada wani ya ce zai shafa giris ko baƙin mai a fuskar don ta yi laushi, wannan kashe bel ne nan take. A bi bututun da ke shigo da iska da na fitarwa a ga ko a toshe suke. A ƙasan akwatin akwai 'yar ƙusar tsiyayar da ruwa, da damina in ka ratsa tabki a buɗe ta kafin a ci gaba.

Musa Agadas: Wannan gaskiya ne. In ƙara ɗaya: sabon bel a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu ya bushe kafin a ɗaura, kuma kilomita 40 ko 50 na farko a bi shi a hankali, ba kaya mai nauyi, ba taka mai har ƙasa. In an cire bel za a mayar, a mayar da shi ta fuskar da yake juyawa da.

Habu Mirya: Ni tambayata daban ce. Alhaji, iska nawa ke cikin tayoyin? Don na ga motar ranar kasuwar Mirya, tayoyin sun yi tim.

Alhaji Mamman: Mai faci na bakin tasha ke sa mini. Yadda yake sa wa kowace mota, bar biyu da wani abu.

Habu Mirya: Shi ya sa take kafewa tun farko. Tayar waɗannan ba ta son iska da yawa. Galibi wajen bar ɗaya ne ko ƙasa da haka, na masu ƙafa huɗu da ake hawa kamar babur ma ko rabin bar ba sa kaiwa wani lokaci. Duba jikin motar kusa da kujera ko cikin akwatin baya, akwai takarda manne da ta faɗi iskar gaba da ta baya da nauyin da aka yarda a ɗora. Taya in ta yi tauri tona rami take a rairayi, in ta ɗan saki sai ta baje ta hau kansa. Ka sayi ƙaramin ma'aunin iska naka na kanka, na masu faci allurarsa ba ta ko motsi sosai a ƙasa da bar ɗaya. Ƙayar aduwa kuwa, tunda taya ba tib gare ta, igiyar toshe huji da ƙaramin famfo a ƙarƙashin kujera sun ishe ka, ba sai ka cire taya ba.

Malam Lawali: Ku yi haƙuri in ɓata muku hira. Duk wannan da kuke lissafawa shi ne dalilin da zai sa ya sayar. Mota ce da aka yi wa masu kuɗin Amurka da Turai, inda dila ke bayan gida. Mu nan in abu ya lalace wa ke da shi a Kasuwar Dole? Kun manta lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2023 har Maris 2024? Mai Hilux bai kwana da damuwa ba, kayanta ko na gwanjo ne akwai a gari. Mai wannan kuwa sai ya jingine ta kaji su yi ƙwai a ciki. Alhaji, sayar ka cika kuɗi ka sayi tsohuwar kat-kat, ko ka bar wa amalanke aikinta, kai ka hau babur.

Hajiya Rabi: Malam Lawali, akwai gaskiya a maganarka amma ba duka ba. Na yi aikin dashen itatuwa a tuddan rairayin wajen Gure, da irin waɗannan muke kai dashe da ruwa inda babbar mota ke nutsewa saboda nauyinta. Waɗanda suka mutu a hannunmu ba rashin kaya ya kashe su ba, ƙura ce. Alhaji, ni bel bai dame ni ba kamar filtar iska, don bel kuɗinsa sananne ne, inji kuwa in ya sha ƙura sai kwancewa. Cire filtar ka sa farin ƙyalle ka shafo cikin bututun da ke bayanta, wanda ya nufi inji. In ƙyallen ya fito da ja-ja, ƙura tana wucewa, ko filtar ta huje ko bakinta bai zauna daidai ba. Alamar farko ita ce wahalar tashi da safe, don bawul ɗin shiga ya fara cinyewa, daga baya shan baƙin mai da hayaƙi.

Sannan ba da kilomita ake yi musu juye ba, da awa ne. A allon gaba akwai lissafin awannin da inji ya yi. Mu kowace mota da ɗan littafinta, direba ya rubuta awa ranar juye. Abin da littafin kamfani ya ce, a ƙurarmu ragewa ake yi, ba ƙarawa ba.

Auwalu Ƙofar Ruwa: Filta ai busawa ake yi da iskar mai faci ta koma sabuwa. Ni da nake sayar da ita ma na faɗa muku, ku ga ba son kuɗi gare ni ba.

Hajiya Rabi: A'a ɗan uwa. In ta takarda ce, iska mai ƙarfi tana yi mata ƙananan huji da ido ba ya gani, ka mayar da ita fes-fes kana murna alhali ta zama rariya. A ɗan bubbuga ta a hankali, in ta cika a sauya. In ta soso ce, a wanke, ta bushe sarai, a shafa mata man filta a matse, don man ne ke kama ƙurar. Soso busasshe ba ya tare komai. Kuma a zagaya bakinta da ɗan giris.

Baba Ila: Hajiya ta fi wasu masu garaji sani. In ɗora da lagireto. Ƙarangiya da ƙaiƙayi suna liƙe masa, ga shi a watan Afrilu da Mayu zafinmu na wuce digiri 40. A wanke shi daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi, kada a lanƙwasa 'yan fikafikansa. Ka haska tocila ta baya, in haske bai fito ta gaba ba bai wanku ba. Kada kuma a zuba masa ruwan rijiyar garka, ruwan wajen nan yana da kanwa, zai bar farin dutse a ciki. Ruwan sanyaya inji na galan za a sa. Ba a buɗe murfinsa da zafi, na ga fuskar da ya ɓata.

Musa Agadas: Baƙin mai ma a kula. Ba duka ƙirarsu ɗaya ba. Na Yamaha suna da kuloci a cikin mai kafin a kai ga fuli, shi ya sa bel ɗinsu kullum a matse yake, su sai man babur mai alamar JASO MA, man mota yakan sa kulocin santsi. Honda Pioneer kuwa ba ta da bel ma sam. Alhaji, ka ɗauki lambar da aka buga a jikin shasi a nemo maka littafinta a intanet, kada a yi ta zato.

Habu Mirya: Esans fa? Na kwalba kake sha ko na gidan mai?

Alhaji Mamman: Duk wanda ya samu. A Gidimuni in ya yanke mini ai sai 'yan ruwa-ruwa.

Habu Mirya: Da can da na Najeriya ke da araha an ce don sauƙi ne. Tun da suka cire tallafi a Mayun 2023 wannan hujjar ta ragu, ga matatar SORAZ a hanyar Tanut tana aiki tun 2011. Cika jarkarka a gari ka tafi da ita. Ba cewa na yi duk na kwalba gurɓatacce ne ba, amma kwalbar da ta wuni a bakin hanya da mazurarin da ke kwance a ƙasa ba sa rasa rairayi. In taka mai injekshan ce, famfon mai yana cikin tanki, ƙazanta na kashe shi, yawan tafiya da tanki a bushe ma haka, don man ne ke sanyaya shi. In dole ta sa, tace da ƙyalle mai tsabta.

Malam Lawali: Kun ga abin da nake faɗa? Filta, lagireto, fuli, ma'auni, littafi. Jariri ne ko mota? Ba ku ma zo kan kardan ba.

Baba Ila: Kardan, wato sandar da ke kai juyi ga taya, ai ido kawai yake so. Robar da ta rufe gaɓarsa, kututturen gero ko ƙaya ke yaga ta. In ka leƙa ka ga giris ya fantsama a cikin taya, a ranar a wanke gaɓar a sa sabuwar roba da baƙin giris, kuɗi kaɗan. In ka bari sai ka ji ƙas-ƙas wajen kwana, to kardan ɗin gaba ɗaya za ka saya. Kuma in ya hau kwalta ya cire kat-kat, ya saki makullin difaransiyal. Hilux ɗin taka ma in an yi mata riƙon sakainar kashi mutuwa take, Lawali.

Hajiya Rabi: Akwai maganar da nake ta juyawa, Alhaji kada ka ji haushi. Habu ya ce ya ga motar a Mirya, ni ma ƙanwata ta ga yaronka da ita, da yara uku a akwatin baya. Kujera biyu ce, mutum biyu ne. Motocin nan dogaye ne ga ƙarancin faɗi, kwana ɗaya da gudu ko gangaren tudu a karkace sai su kife, kuma abin da mutum ke fara yi shi ne fitar da hannu ko ƙafa ya tare, ƙarfen rufin ya danne. A Amurka a 2009 sai da aka kira masu Yamaha Rhino aka ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin baya aka sa ƙananan ƙofofi saboda irin wannan. Na gaba suna da ɗamarar kujera, na baya ba su da komai. Masu ƙera su ma sun ce ƙasa da shekara 16 kada ya tuƙa.

Alhaji Mamman: Ban ji haushi ba Hajiya, na gode. Makulli ya dawo aljihuna.

Alhaji Mamman: Jama'a ga labari. Jiya Alhamis na kai ta wajen Baba Ila a Sabon Gari, aka kwance a gabana. Bututun shigar iska, daga lanƙwasarsa ta farko, a cushe yake da ƙarangiya da tsumma da ɓawon gyaɗa, ɓera ya yi gida a ciki. Da yaron ya zura waya ya jawo, sai da ya cika kwanon sha. Fulin gaba kuwa da aka busa, baƙin gari ya turnuƙe garajin har mai shayin gefe ya yi mana magana. Rola biyu sun baje gefe ɗaya, in ka ɗora su a tebur ba sa gangarawa. Ƙyallen Hajiya ya fito da ɗan ja kaɗan, bakin filtar ne ya tsage, an sauya.

Musa Agadas: Alhamdu lillahi da aka gano. Amma ɓera bai tsuke bel a wuri ɗaya ba, Baba. H ce ta yi wannan.

Baba Ila: Ɓera da H duka. Kuma na auna inda bai ƙone ba na gwada da abin da littafin ya ce, bel na biyun bai cika faɗi ba. Ko zafi ne ya cinye shi ko haka ya zo, Allah masani, amma ni ina nan kan bakana.

Malam Lawali: Ni ma ina kan nawa. Mu haɗu bayan damina.

Auwalu Ƙofar Ruwa: Baba, rolan nan saiti ake sauyawa, ba biyun kaɗai ba, kuma nauyinsu sai ya zo ɗaya da na asali. A ɗora ɗaya mai lafiya a sikelin masu zinariya a turo mini giram ɗinsa, da faɗi da tsawo, da lambar da ke bayan bel na farko in tana karantuwa. In na samu a nan zan ba direban da ke bin Daura da Matamai, in babu sai an yi oda, wannan kuwa zai ɗauki makonni. Bel guda biyu zan sa, ɗaya ya zauna a motar da makullin sauya shi.

Alhaji Mamman: Biyu kuma? Auwalu, ɗayan ma ba mu yi ciniki ba.

Auwalu Ƙofar Ruwa: Turo lambar tukuna, Alhaji. Kuma wannan karon ka faɗa mini a gaban jama'a wane hawa kake so.